Exeter Chiefs: Tarihin Ƙungiyar Zari-ruga ta Yankin Devon

Ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta Exeter, wadda a yau aka fi sani da Exeter Chiefs, tana birnin Exeter ne, hedikwatar gundumar Devon a kudu maso yammacin Ingila. An kafa ta a 1871, shekarar da aka kafa hukumar zari-ruga ta Ingila, wato RFU. Duk da wannan tsufa, sai a 2010 ta fara taka babban rukunin ƙasar, gasar Firimiya ta zari-ruga. Shekara goma bayan haka ta ɗaga kofin Ingila da na Turai a cikin kwana takwas.

Wasan da take bugawa shi ne zari-ruga na mutum goma sha biyar a kowane ɓangare, ana kuma yin minti 80. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce. Ana ɗaukar ta a hannu a ruga, ana iya buga ta da ƙafa zuwa gaba, amma miƙa ta da hannu ba ya halatta sai ga wanda yake baya ko a gefe. Wanda ya kai ta bayan layin abokan hamayya ya dire ta a ƙasa ya samo wa ƙungiyarsa maki 5, sannan a ba su bugun ƙari mai maki 2 idan ƙwallon ta bi tsakanin dogayen sanduna biyu ta saman sandar da ta gitta. Bugun hukunci maki 3 ne, haka ma ƙwallon da aka saki ta taɓa ƙasa aka buge ta ta ratsa sandunan ana cikin wasa. 'Yan gaba takwas, ƙarti majiya ƙarfi, su ne masu turereniya da ƙwato ƙwallo, 'yan baya bakwai kuma masu gudu da dabara. Wannan rabo yana da muhimmanci a tarihin Exeter, domin da ƙarfin 'yan gaba ta yi suna.

Wasan farko da aka rubuta na ƙungiyar ta yi shi ne a 1873 da ɗaliban kwalejin horar da malamai ta St Luke da ke cikin birnin. Daga baya ta zauna a filin County Ground, a unguwar St Thomas, tsallaken kogin Exe. A wannan fili ne, ranar 16 ga Satumba 1905, tawagar New Zealand ta buga wasanta na farko a ƙasar Ingila, inda ta kara da zaɓaɓɓun 'yan wasan Devon ta lallasa su da ci 55 da 4. A wannan rangadi sunan All Blacks ya bi tawagar har yau, saboda baƙaƙen kayan da take sawa.

Yawancin ƙarni na ashirin ya wuce wa Exeter ba tare da wani abin a zo a gani ba a matakin ƙasa. Zari-ruga a lokacin wasan sa-kai ne, an haramta biyan ɗan wasa ko kwabo, babu kuma gasar rukuni-rukuni. Ƙungiyoyi suna shirya wasanninsu ne tsakaninsu, darajar kowace kuwa tana ga irin manyan da suka yarda su kara da ita. Manoma da malamai da ma'aikata su ke buga wa Exeter ranar Asabar, babbar hamayyarta kuma da maƙwabta ce, musamman Plymouth Albion. Filin nata ma ba nata kaɗai ba ne: ana tseren babura a kewayensa, ana kuma tseren karnuka.

A 1987 aka kafa gasar rukuni-rukuni a Ingila, mai hawa da sauka, kowace ƙungiya ta san matsayinta a fili. Exeter ta sami kanta a ƙasa da manyan rukunai biyu. Sai a watan Agustan 1995 hukumar zari-ruga ta duniya ta halatta biyan 'yan wasa, al'amura suka juya gaba ɗaya. Attajirai suka shigo suka sayi ƙungiyoyi, suka zuba kuɗi wajen ɗauko taurari. Wasu sun ci riba, wasu kuwa suka ga ta kansu. Richmond, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin Landan, ta durƙushe a 1999 bayan mai ɗaukar nauyinta ya janye hannu, ta koma ƙasan tsani ta fara daga farko. A daidai wannan lokaci Exeter tana hawa a hankali: ta lashe rukuni na huɗu a 1996, ta lashe na uku a 1997, ta shiga na biyu. A nan za ta yi shekara goma sha uku.

Mutumin da ya tsara abin da ya biyo baya shi ne Tony Rowe, ɗan kasuwa mai kamfanin sadarwa a yankin, wanda ya fara da ɗaukar nauyin ƙungiyar a farkon shekarun 1990, daga baya a 1998 ya karɓi ragamar tafiyar da ita. A 1999 aka ƙara mata sunan Chiefs, kalmar da dama mutanen Devon suke kiran babbar tawagar kowace ƙungiya da ita. Lissafin Rowe mai sauƙi ne, amma ba kowa ya yi haƙurin bin irinsa ba. Filin da ake buɗewa sau goma sha wani abu a shekara ba zai ciyar da ƙwararrun 'yan wasa ba, kuma dokar Firimiya ba ta karɓar ƙungiyar da filinta bai kai ma'aunin da aka gindaya ba, ko da ta lashe rukuninta. Saboda haka aka sayar da County Ground ga masu gina gidaje, aka gina sabon fili, Sandy Park, a bakin babbar hanyar M5, kan kuɗi kimanin fam miliyan 15. An buɗe shi a 2006, haɗe da zaurukan taro da na biki waɗanda ake haya duk mako, ko da wasa ko babu. A lokacin ƙungiyar ta ci gaba da zama mallakar mambobinta. Gina filin shi ne mataki mafi hikima a duk tarihinta: ta gina rumbu kafin ta sayi doki.

A filin wasa kuwa ƙofar ta ƙi buɗuwa. A lokacin ƙungiya ɗaya tak ke hawa a kowace kaka, kuma sau da yawa wadda ta faɗo daga Firimiya da kuɗinta da taurarinta ita ke komawa. Exeter ta zo ta biyu a bayan Bristol a 2005, ta biyu a bayan Northampton a 2008, ta biyu a bayan Leeds a 2009. A wannan shekara ta ƙarshe aka sallami koci Pete Drewett aka naɗa Rob Baxter.

Baxter ɗan gida ne. Manomi ne daga gidan manoma a Devon, mahaifinsa ya buga wa Exeter, shi kansa ya buga mata shekara goma sha huɗu a cikin 'yan gaba, goma daga ciki yana kyaftin, ƙanensa Richard kuma yana cikin tawagar da ya karɓa. Ya ɗauko Ali Hepher, tsohon ɗan wasan Northampton, ya damƙa masa horar da 'yan baya. A kakar 2009 zuwa 2010 aka sauya tsarin rukuni na biyu, aka ce ba wanda ya fi maki ne zai hau ba, sai wanda ya ci wasannin fitar da gwani. Exeter ta kai wasan ƙarshe, gida da waje, da Bristol, wadda kowa ya ɗauka ita za ta koma. A Sandy Park Exeter ta ci 9 da 6, dukkan makin daga ƙafar Gareth Steenson, ɗan Arewacin Ireland wanda ya zo ƙungiyar a 2008. Mako guda bayan haka, ranar 26 ga Mayu 2010, a filin Memorial na Bristol, Steenson ya buga bugun hukunci shida da bugun cikin wasa biyu, maki 24 shi kaɗai, Simon Alcott ya dire ƙwallo daf da tashi. Aka tashi 29 da 10, jimilla 38 da 16.

Masu sharhi da yawa sun yi hasashen za ta koma inda ta fito cikin kaka ɗaya. Baxter bai watsar da waɗanda suka hawo da ita ba, ya ƙara musu 'yan kaɗan ne kawai, yawanci waɗanda wasu ƙungiyoyi suka raina. Wasanta na farko a Firimiya ta doke Gloucester 22 da 10. Ta ƙare ta takwas a 2011, ta biyar a 2012, wanda ya ba ta gurbi a babbar gasar Turai, ta shida a 2013. A watan Maris 2014 ta ci babban kofinta na farko, kofin ƙungiyoyin Ingila da Wales, bayan ta doke Northampton 15 da 8 a gaban magoya bayanta a Sandy Park, ƙarƙashin kyaftin Dean Mumm ɗan Ostireliya. A 2015 filin ya karɓi wasanni uku na gasar cin kofin duniya.

Abu biyu suka ɗaga ta daga mai tsira da ƙyar zuwa mai neman kambu. Na farko makarantar rainon matasa. Devon da Cornwall yanki ne da zari-ruga ta shiga jinin ƙananan garuruwa, amma a da duk yaron da ya yi fice sai ya tafi Bath ko Gloucester ko Landan. Exeter ta ƙulla alaƙa da kwalejojin yankin, ta fara tsare 'ya'yan gida. Jack Nowell ɗan masunci ne daga Newlyn. Luke Cowan-Dickie shi ma daga gaɓar Cornwall ya fito. 'Yan'uwa biyu, Sam da Joe Simmonds, daga gidan masunta ne a Teignmouth. Henry Slade ɗan Plymouth ne, yana kuma buga wasa a matakin ƙoli duk da ciwon sukari da yake ɗauke da shi. Huɗu daga cikin waɗannan biyar sun buga wa Ingila.

Na biyu salon wasa. Idan aka ba yawancin ƙungiyoyi bugun hukunci kusa da sanduna, sukan karɓi maki 3 su koma. Exeter kan buga ƙwallon ta fita ta gefe, 'yan taku kaɗan daga layin abokan hamayya. A jefo ta, a ɗaga dogon ɗan gaba sama ya cafe, yana saukowa sauran su dunƙule a jikinsa su fara turawa, ƙwallon tana hannun na can baya. In an tsayar da su, sai ɗaya ya ɗauka ya sunkuya ya kutsa taku guda, biyu su dafa masa baya, a kayar da shi, wani ya ɗauka ya sake. Suna iya yin haka sau goma, sau ashirin, ba gaggawa, har bangon ya tsage. Masu son wasan gudu sun yi ta kushe shi, amma salo ne mai buƙatar horo da juriya fiye da yadda yake a ido, kuma shekaru da dama ba a sami maganinsa ba. Thomas Waldrom, ɗan gaba mai jiki wanda Leicester ta saki a 2014, ya fi kowa dire ƙwallo a Firimiya kaka biyu a jere da wannan salo.

A 2016 Exeter ta kai wasan ƙarshe na Firimiya a karon farko, a filin Twickenham, Saracens ta doke ta 28 da 20. Kakar da ta biyo ta fara da tuntuɓe, daga baya ta miƙe. A wasan daf da na ƙarshe ta sake haɗuwa da Saracens, wadda ta ɗauki kofin Turai mako guda kafin nan. Saura 'yan mintuna a tashi Exeter tana baya, aka ba ta bugun hukunci a can cikin gidanta. Slade ya narka ƙwallon ta yi tafiya mai nisa ta fita daf da layin Saracens, aka jefo, aka dunƙule, Sam Simmonds ya dire. Aka tashi 18 da 16.

Wasan ƙarshe da Wasps aka yi, ranar 27 ga Mayu 2017, a gaban mutum kusan 80,000. Nowell da Phil Dollman suka dire tun kafin hutun rabin lokaci, amma Wasps ta farfaɗo ta wuce gaba da 20 da 14. Steenson ya rage tazarar, sannan a minti na ƙarshe ya buga wanda ya mai da wasan 20 da 20. Aka shiga ƙarin lokaci. 'Yan gaban Exeter suka danne Wasps a turereniya har alƙalin wasa ya ba da hukunci, Steenson ya buga a minti na 98. Da ci 23 da 20 ƙungiyar ta zama zakaran Ingila, shekara bakwai bayan daren Bristol, kuma ƙafar da ta hawo da ita ce ta ba ta kambun.

Shekaru biyu da suka biyo baya sun bar ɗaci. Exeter ta ƙare a saman teburi a 2018 da 2019, duka biyun kuma Saracens ta doke ta a wasan ƙarshe, 27 da 10, sannan 37 da 34 bayan Exeter ta yi gaba da tazarar maki goma sha ɗaya. A watan Nuwamba 2019 aka tabbatar Saracens ta karya dokar ƙayyade albashin 'yan wasa kaka uku a jere. Aka zaftare mata maki 35, aka ci ta tarar sama da fam miliyan 5, daga baya aka saukar da ita rukuni na biyu. Ba a ƙwace kofunan ba. Rowe da Baxter ba su ɓoye fushinsu ba, kuma suna da hujja: ƙungiyar da ta tsaya cikin iyakar doka ita ce ta rasa kofi biyu a hannun wadda ta tsallake ta.

Kakar 2019 zuwa 2020 annobar korona ta katse ta, aka ƙarasa ta a watan Oktoba a filaye wayam babu 'yan kallo. Exeter ta fitar da Toulouse da ci 28 da 18, ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai da Racing 92 ta Faransa, ranar 17 ga Oktoba 2020, a filin Ashton Gate da ke Bristol. Cowan-Dickie da Sam Simmonds da Harry Williams da Slade suka dire. Saura minti goma tazarar maki ɗaya ce, 28 da 27, ga shi an ba Tomas Francis katin gargaɗi ya fita, Exeter ta rage mutum goma sha huɗu. Racing ta tare a bakin layi tana kutsawa kusan sau ashirin, irin abin da Exeter ta saba yi wa wasu, har Sam Hidalgo-Clyne, wanda ya shigo daga benci, ya kifa kan ƙwallon ya jawo hukunci. Joe Simmonds, kyaftin mai shekara 23, ya rufe wasan da bugu, 31 da 27. Ranar 24 ga watan, cikin ruwan sama a Twickenham, Exeter ta doke Wasps 19 da 13 a wasan ƙarshe na Firimiya ta haɗa kofi biyu. Magoya bayan da suka bi ta tun zamanin County Ground a talabijin suka kalla.

A 2021 ta buga wasan ƙarshe na shida a jere, Harlequins ta ƙwace da 40 da 38. A shekarar aka zaɓi 'yan wasanta huɗu cikin haɗakar tawagar Birtaniya da Ireland da ta je Afirka ta Kudu. Tawagar mata ta ƙungiyar ita ma ta kai wasan ƙarshe na gasarta a 2022 da 2023. A wannan tsakani ne kuma ƙungiyar ta sauya tambarinta. Tun 1999 tana amfani da hoton shugaban 'yan asalin Amurka mai hular gashin tsuntsu, abin da wasu magoya bayanta da ƙungiyoyin waɗannan al'ummu suka ce cin fuska ne. Ta yi jinkirin saurara, amma a 2022 ta koma ga tambarin Dumnonii, ƙabilar da ta zauna a Devon da Cornwall kafin zuwan Rumawa.

Saukowar ta zo ta hanyar kuɗi. Annobar ta rufe filin da zaurukan taron lokaci guda, wato ginshiƙan nan biyu da Rowe ya dogara da su, ƙungiyar ta ci bashi kamar sauran. An rage iyakar albashi a Firimiya daga fam miliyan 6.4 zuwa miliyan 5. Worcester da Wasps suka rushe a 2022, London Irish ta bi su a 2023, gasar ta koma ƙungiya goma. Exeter ta tsira, amma ba ta iya riƙe yaran da ta raina ba. A 2023, bayan ta ci ƙaramin kofin Firimiya ta kuma kai daf da ƙarshe a Turai, Nowell ya tafi La Rochelle, Sam Simmonds ya tafi Montpellier, Joe ya tafi Pau, Cowan-Dickie ya koma Sale. Bayan wasan ƙarshe na 2021, ƙungiyar ta ƙare ta bakwai kaka uku a jere. Baxter ya koma ga matasa, irin su Dafydd Jenkins ɗan Wales da Immanuel Feyi-Waboso, haifaffen Cardiff mai tushen Najeriya a danginsa, ɗalibin likitanci wanda ya fara buga wa Ingila a 2024.

Kakar 2024 zuwa 2025 ita ce mafi muni tun hawanta. A watan Afrilu 2025 Gloucester, wadda Exeter ta fara dokewa a 2010, ta zazzaga mata 79 da 17. Hepher da Rob Hunter, masu horarwa da suka daɗe tare da Baxter, suka bar aiki, Baxter ya koma horar da tawagar da kansa. Ta ƙare ta tara cikin goma.

Ba ta fuskanci barazanar faɗuwa ba, domin a lokacin ƙofar da ta shigo ta kusa rufewa. An dakatar da sauka daga Firimiya a zamanin annoba, kuma ƙungiyoyin da suka lashe rukuni na biyu bayan haka ba su cika sharuɗɗan fili ba. Ealing Trailfinders ta lashe shi a 2022 da 2024 da 2025, Jersey Reds ta lashe a 2023 ta kuma rushe 'yan watanni bayan nan. Daga komawar Saracens a 2021 har ƙarshen kakar 2025, babu ƙungiya ko ɗaya da ta hau Firimiya daga rukuni na biyu.